Warhammer 40,000: Yadda ake warware faɗan gaba da gaba a cikin lungu da kango

Duk wanda ya taɓa buga wasan yaƙi a waya ya san manhajar ce ke yanke hukuncin wa ya kai ga wa. A wasan tebur babu wannan alƙalin, sai tef ɗin awo da dayis irin na ludo da kuma mutum biyu da kowa ke son ya ci. Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila ya fara fitarwa a 1987, ana buga shi ne da 'yan sojojin roba, kowanne a tsaye kan ƙaramin faifai. Wannan darasi ya dogara ne da bugu na 10 na dokokin, wanda ya fito a 2023.

A fili fetal faɗa ba ya kawo gardama. Rikici yana tasowa ne idan aka shiga kango ko ƙofa mai matsi, kuma kusan kullum tushensa ɗaya ne: faifai bai samu wurin zama ba.

Dokar farko ita ce tazarar gwabzawa. Soja yana cikin faɗa idan tsakaninsa da abokin gaba bai wuce inci 1 a kwance ba, da inci 5 a tsaye. Ana auna wa daga gefen faifai, ba daga kan takobi ko bakin bindiga ba. Wannan inci 5 ɗin shi ya sa wanda ke ƙasa zai iya dukan wanda ke hawan farko na kango ba tare da ya hau ba.

Mai kai farmaki yana jefa dayis biyu, jimillarsu ita ce yawan incin da zai tafi. Idan bai kai tazarar gwabzawa ba, farmakin ya faɗi, ba ya ko motsawa. Sojojin ƙasa suna iya ratsa bangon kango kamar babu shi, amma ba a yarda su ƙare tafiya a tsakiyar bangon ba, kuma ba sa ratsa abokan gaba.

A nan ne dabarar da ta fi ba sababbin 'yan wasa haushi take. Mai tsaro zai jera sojojinsa a cikin kango, inci 1.1 daga bango. Wanda ya tsaya a waje ya fi inci 1 nesa da su, don haka bai shiga faɗa ba. Idan kuma ya ce zai ratsa bangon ya tsaya a ciki, inci 1.1 kusan milimita 28 ne kawai, alhali faifan soja irin Space Marine na yanzu milimita 32 ne. Ba zai shiga ba. Mai faifan milimita 25 zai shige abinsa, shi kuwa dole ya zagaya ta gefe. Masu rubuta manhajar wasanni sun san wannan matsalar sarai: abu biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma lissafi bai san tausayi ba.

Zagayen yana da tsada ƙwarai. Dayis biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36. Samun 5 ko sama yana zuwa ta hanya 30, wato kashi 83 cikin ɗari. Samun 9 ko sama kuwa hanya 10 ce kacal, kusan kashi 28. Ƙarin inci huɗu ya mayar da farmakin da ake da tabbas a kansa ya zama caca.

Dokokin sun yi wa shinge da bututun mai tanadi: idan mai farmaki ya matso iya matsowa jikin shingen, kuma yana cikin inci 2 da wanda ke bayansa, faɗa ya halatta. Bangon kango bai samu wannan sassauci a ainihin dokokin ba, shi ya sa wasu masu shirya gasa suke ƙara tasu dokar mai kama da ita. Gaskiya hakan ya fi dacewa, domin babu ma'ana a ce jarumi mai sulke ya gagara kai duka saboda milimita huɗu. Amma a daidaita a kai kafin a jefa dayis na farko, ba sai an zo bakin bangon ba.

Saura batun ƙofa. Kafin duka, kowane soja zai iya matsawa har inci 3 zuwa ga abokin gaba mafi kusa, kuma idan zai iya taɓa faifansa dole ya taɓa. Wanda ya riga ya taɓa ba ya ƙara motsi. Masu kai duka iri biyu ne: wanda ke cikin tazarar gwabzawa, da wanda faifansa ke taɓa faifan ɗan uwansa da shi kuma yake taɓa abokin gaba. Layi biyu ke nan, babu na uku.

A ɗauka rukunin soja 10 ya zo ƙofar da ba ta ɗaukar fiye da faifai biyu. Biyu za su taɓa abokan gaba, biyu ko uku su manne a bayansu, sauran su zama 'yan kallo. Rabin ƙarfin rukunin ya tafi a banza. Tun da mai wasa ne ke zaɓen wanda zai fara matsarwa, sai ya tura masu manyan makamai gaba. Idan ya fara da mai ƙaramar wuƙa, shi zai toshe ƙofar, mai gudumar kuma ya tsaya a layi na uku.

Wanda ba shi da sojojin roba zai iya gwada duk wannan a Tabletop Simulator a kwamfuta, ko ya yanka da'irori na milimita 25 da 32 daga kwali, ya kafa littafi a matsayin bango, ya ɗauko rula.