Yadda Birtaniya Ke Rage Alamomin Hanya, da Yadda Wayarka da Kyamarar Mota Ke Karanta Waɗanda Suka Rage

 A yau za mu leƙa ƙasar Birtaniya ne, inda gwamnati ta shafe shekaru tana matsa wa ƙananan hukumomi lamba su ciccire allunan da ke gefen titi waɗanda ba su da amfani. Mai karatu zai iya cewa, to me ya haɗa wannan da wayar hannu? Alaƙar tana da ƙarfi, domin yanzu ba idon direba kaɗai ke karanta waɗannan alluna ba. Kyamarar mota na karanta su, manhajar taswirar da ke wayarka ma da su take aiki.

Yadda allunan suka yi yawa

Tsarin alamomin hanya da ake gani a Birtaniya a yau ya fara aiki ne a shekarar 1965, kuma masu zane biyu ne suka tsara shi, Jock Kinneir da Margaret Calvert. Manufarsu ita ce direban da ke gudu ya gane saƙo da kallo ɗaya. Allo mai kusurwa uku gargaɗi ne, mai da'ira umarni ne, mai kusurwa huɗu kuma bayani yake bayarwa. Jar da'ira hani ce, shuɗiya kuwa tana faɗa maka abin da ya wajaba ka yi.

Tsarin ya yi kyau, amma sai aka yi ta ƙari babu ragi. Ƙididdigar Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta nuna cewa a Ingila akwai alamomi kimanin miliyan 2.45 a shekarar 1993, zuwa 2013 kuma sun kai kimanin miliyan 4.57. Wato sun kusa ninkawa cikin shekara 20, alhali tituna ba su ninka ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Da an yi haɗari a wata kwana, mutanen unguwa za su nemi a ɗauki mataki, kuma mataki mafi arha da kowa zai gani da idonsa shi ne kafa sabon allo. Ga kuma tsoron shari'a: direban da aka ci tara zai iya ɗaukaka ƙara ya ce babu isasshiyar alama a wurin, don haka jami'ai suka gwammace su kafa biyu a inda ɗaya ta isa. Sannan kasafin kuɗi yakan tanadi na kafawa, da wuya a ware na cirewa. Sai ka tarar da allon da ke cewa an sauya tsarin hanya a gaba yana nan tsaye shekaru bayan sauyin ya tsufa.

Illar ita ce ƙwaƙwalwar direba na da iyakar abin da za ta iya ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kai ma ka san haka daga wayarka. Idan manhajoji talatin suna turo maka sanarwa a kullum, da sannu za ka koma share su ba tare da ka duba ba, har saƙon banki mai muhimmanci ya bi sahun tallace-tallace ya wuce. Haka allon gargaɗin makaranta ke ɓacewa a tsakiyar alluna goma.

Abin da gwamnati ta yi

A shekarar 2010 ministoci biyu, Eric Pickles da Philip Hammond, suka rubuta wa ƙananan hukumomi suna neman su rage tarkacen da ke cika tituna. A 2015 aka ɗora wa ɗan majalisa Alan Duncan jagorancin wani kwamiti kan batun. Babban sauyin ya zo ne a watan Afrilun 2016, lokacin da Patrick McLoughlin ke riƙe da Ma'aikatar Sufuri, inda sabuwar dokar alamomin hanya ta fara aiki.

Dokar ba ta ce a je a tumɓuke alluna kaza ba. Wajabcin ta sassauta, ta bar wa injiniyoyin kowane yanki su yi hukunci. Allunan da ke maimaita iyakar gudu lokaci-lokaci a kan hanya sun zama zaɓi. Inda a da sai an kafa allo biyu, hagu da dama, a farkon sabuwar iyakar gudu, yanzu ɗaya zai iya wadatarwa idan ana ganinsa sosai. An ɗage wajabcin sa wa alluna da yawa fitilar lantarki, tunda fuskar allon na zamani tana mayar da hasken fitilar mota. Wanda ya fi burge ni shi ne na allon da ke sanar da sabon tsarin hanya: dole a rubuta ranar cire shi a bayansa, kuma kada ya wuce wata uku. Duk mai wucewa zai iya zagawa ya duba, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya kai ƙorafi ta dandali irin FixMyStreet. Gwamnati ta yi hasashen ƙananan hukumomi za su tsimi kusan fam miliyan 30 zuwa shekarar 2020.

Wasu sun so a wuce nan. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Hans Monderman, ya yi suna da cire alluna da fitilun ba da hannu a garin Drachten, bisa hujjar cewa direban da ba a faɗa masa komai ba yakan rage gudu ya kalli mutane. An yi irin wannan a titin Exhibition Road da ke Landan, wanda aka buɗe a 2012. Sai dai makafi sun koka cewa idan aka daidaita titi da gefen masu tafiya a ƙafa, sandarsu ba ta gane inda hanyar mota ta fara. A 2018 gwamnati ta nemi a dakatar da sababbin ayyuka irin wannan. Ragi ma yana da iyaka ke nan.

Mu a nan gida matsalarmu akasin haka ce, sau da yawa za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga allon iyakar gudu ko ɗaya ba. Amma abin da ke biye ya shafe mu, saboda motocin Turai da ake sayarwa yau su ne za su iso mana a matsayin na hannu nan da 'yan shekaru.

Yadda na'ura ke karanta allo

Motocin zamani na da ƙaramar kyamara a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Tana ɗaukar hotuna da yawa a kowace daƙiƙa, sai kwamfutar motar ta nemo siffa da launi, misali jar da'ira mai farin ciki, sannan ta karanta lambar da ke ciki ta amfani da ƙirƙirarriyar basira da aka horar da dubban hotunan alluna. A Tarayyar Turai, daga watan Yulin 2024 kowace sabuwar mota dole ta zo da tsarin da ke gane iyakar gudu ya gargaɗi direba idan ya wuce. Birtaniya ta fice daga Tarayyar, amma motoci da yawa da ake kai mata da tsarin suke zuwa.

Raguwar alluna na taimaka wa kyamara, domin cunkoso na rikita ta. Takan karanta allon ƙaramin titin da ke gefe ta ɗauka na babbar hanya ne, ko ta karanta lambar da aka manna a bayan tirela. Yaudararta ma ba ta da wuya. A 2020 masu bincike na kamfanin McAfee sun manna ɗan guntun baƙin tef a kan lambar 3 ta allon da ke nuna 35, sai kyamarar wata tsohuwar Tesla ta karanta 85.

To amma akwai ɗaya ɓangaren. Kyamara ba ta karanta allon da babu shi. A Ingila, idan titi na da jerin fitilun kan hanya kuma babu allon da ya ce akasin haka, iyakar gudu mil 30 ce a awa, kimanin kilomita 48, kuma ba a maimaita ta da alluna. Akwai kuma farar da'ira mai baƙin layi a karkace, wadda babu lamba a jikinta: ga ƙaramar mota tana nufin mil 60 a hanya mai falle ɗaya, mil 70 a tagwayen hanya. A irin waɗannan wurare sai motar ta koma ga taswirar da ke cikinta da kuma GPS. Idan taswirar ta tsufa, kuskure ya samu. A watan Satumban 2023 yankin Wales ya mayar da iyakar gudun cikin gari daga mil 30 zuwa 20, kuma duk na'urar da ba a sabunta mata bayanai ba tsohuwar lamba za ta ci gaba da nunawa.

Wayarka ma haka take. Lambar iyakar gudu da Google Maps ko Waze ke nunawa ba daga titin da ke gabanka take zuwa kai tsaye ba. Google na tsamo irin waɗannan bayanai daga hotunan Street View da kuma na hukumomi, Waze kuma na dogara sosai da masu sa kai da ke gyara taswira. Saboda haka idan allon gefen titi ya saɓa da abin da waya ta nuna, allon za ka bi, shi ne doka ta sani.

Gwada da kanka

Buɗe Google Maps ka nemo Exhibition Road a Landan, ka shiga Street View, sannan ka latsa wurin da ke nuna tsofaffin ranakun ɗaukar hoto. Zaɓi hoto mafi tsufa ka kwatanta shi da na baya-bayan nan, ka ƙirga allunan da turakun da ke gefen titin a kowanne. Bayan haka ka shiga saitunan manhajar, sashen jagorar tuƙi, ka kunna ma'aunin gudu. Shi yana aiki da GPS ɗin wayarka ne, amma lambar iyakar gudu sai a ƙasashen da Google ta samar da bayanansu take fitowa, don haka idan ba ka gan ta a kan hanyar garinku ba, wayarka lafiyarta ƙalau.