Nono Yana Hana Tsufa?

Tambaya: Likita, a Kasuwar Libya aka ce mini shan nono yana hana fata tattarewa. Gaskiya ne? Wata uwa daga Umbadda, Omdurman.

Amsa: Hajiya, maganar tana da tushe, amma an sa mata gishiri. Idan madara ta zama nono, wato rob ko zabadi, ƙwayoyin da ke sa ta tsami sukan daddatse furotin ɗinta gutsi-gutsi, wato feftayid. Wasunsu na rage ɓarnar da oksijin ke yi wa jiki, sai dai yawancin gwajin a kwalabe da ɓeraye aka yi shi. Ki sha abinki, amma madarar da mai jaki ke kawowa ki tafasa ta tukuna, saboda zazzaɓin Malta. Fata kuwa, ranar Omdurman ce babbar abokiyar gabarta. Ki riƙa neman inuwa da tsakar rana.