Tsagar dutsen da ke ƙarƙashin gonakinmu

Duk lokacin da ƙasa ta motsa a wani gari, sai 'yan'uwa daga Tsiga da Bakori su kira ni: "Malam, mu ma tana iya iso mana?" Haka aka yi a Satumban 2016 da ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna, haka kuma a Satumban 2018 a Mpape ta Abuja. Aikina binciken duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, kuma rabinsa a gaban kwamfuta nake yin sa, ina duba hotunan tauraron ɗan'adam.

Gaskiya ne akwai tsaga a ƙarƙashinmu. Dutsen da Funtuwa da Malumfashi ke zaune a kai tsoho ne ƙwarai, wahalarsa ta ƙarshe mai girma ta faru kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da ya lanƙwashe ya tsattsage. Tsagar Kalangai ta yankin Birnin Gwari da ta Anka a Zamfara duk tabon tsohuwar wahala ne. Tsaga mai rai daban take. A 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta buɗe tsawon kilomita 60, faɗin ya kai mita 8 a wasu wurare, cikin 'yan makonni, kuma daga sama aka auna shi. Tauraro mai na'urar rada, irin Sentinel-1 da Turai ta harba a 2014, yana ɗaukar wuri ɗaya sau biyu, a gwada hotunan, a ga motsin da bai wuce 'yan santimita ba. Mu a Nijeriya, kwarin Binuwai ne ya fara irin wannan buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sai ya tsaya, laka da yashi suka cike shi. Shi ya sa ake neman mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, ba a Tsiga ba. Sa ido kan motsin ƙasa kuwa aikin cibiyar Toro ne ta hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA.

Abin da ya fi damuna ba girgizar ƙasa ba ne. Ruwa ne.

Dutsenmu ba ya shan ruwa kamar yashin Sakkwato ko na Barno. Ruwan yana zama ne a wuri biyu kawai: saman dutsen da ya ruɓe, da kuma cikin tsagar nan da ake tsoro. Shi ya sa za ka ga burtsatse tana ambaliya a wannan unguwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata, sai ƙura. Na sha zuwa ƙauyen da aka yi karo-karo da kuɗin masara da waken suya, aka kira masu haƙa, mai unguwa ya nuna kusa da masallaci don sauƙin mutane, injin ya yi ta niƙar dutse har kuɗin suka ƙare. Niyya mai kyau ce, amma ba a tambayi dutsen ba. Wannan asarar tana ci mini rai, domin da yawanta ana iya kauce mata.

A hoton sama, tsaga tana bayyana a matsayin dogon layi. Ƙorama ce da ta miƙe sak sannan ta karya kwana ba dalili, ko jerin itatuwa da suka ƙi bushewa a watan Maris alhali ko'ina ya yi fari, ko 'yar fadama siririya tsakanin duwatsu biyu. Hoton rani na fi so, domin da damina komai kore ne, ba ka bambance komai. Inda layi biyu suka gitta juna, nan nake fara sa alama. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel ma haka, don haka ɗalibin jami'ar Zariya ko ta Dutsinma mai intanet yana iya fara koyo yau.

Sai dai ba kowane layi ne tsaga ba. Burtali layi ne, iyakar gona layi ce, tsohuwar hanyar mota ma haka. Dole a taka ƙasa, a ga dutsen da ido, a tambayi dattawa wace rijiya ce ba ta ƙafewa da bazara, sannan a shimfiɗa waya a yi awon lantarki don sanin zurfin ruɓaɓɓen dutse da inda tsagar take. Ko bayan wannan ba mai ba ku tabbaci ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya ba ku, ku yi hattara da shi.

Don haka idan kwamitinku ya tara kuɗin burtsatse, ku ware na safiyo tun farko. Ku nemi rahoton a rubuce, da taswirar wurin da zurfin da ake sa ran samun ruwa. In awon ya nuna bayan gari, ku haƙa a can ku jawo famfo zuwa masallacin.