Darasin Kasuwanci: Abin Da Ke Tsai Da Kwantena A Tashar Jiragen Ruwa

Sau da yawa ɗan kasuwar da ya yo odar kaya daga waje yakan ɗauka cewa da zarar jirgi ya iso Apapa ko Tin Can a Ikko, to wahala ta ƙare. Alhali kuwa a nan ne ake soma lissafin hasara. Bayan 'yan kwanakin rangwame, duk ranar da kwantena ta ƙara a tasha sai mai kaya ya biya kamfanin jirgi kuɗin jinkiri, ya kuma biya kuɗin ajiya.

A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta damƙa aikin sauke kaya ga kamfanoni masu zaman kansu, inda APM Terminals ya karɓi sashen kwantena na Apapa. An kawo sababbin injunan ɗaga kaya, amma cunkoso bai kau ba, domin saurin inji yana rataye ne ga yadda aka tsara aikin mutane.

Na farko, canjin ma'aikata. Idan masu aikin rana suka tashi kafin na dare su karɓa, inji zai tsaya, jirgi yana jira.

Na biyu, jera kaya. Kwantenar da za ta fita yau, in aka danne ta da wasu uku, sai an ɗaga huɗu kafin a sallami ɗaya.

Na uku, bincike. Buɗe kwantena a duba ta da hannu yakan ci sa'o'i, na'urar haskawa kuwa mintoci. A 2017 gwamnati ta ba da umurnin yin aiki dare da rana a Apapa, amma wannan ba ya amfani sai jami'an kwastan da masu sallamar kaya suna bakin aiki lokaci guda.

Na huɗu, shigar motoci. A watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta soma tsarin Eto, wanda ke hana babbar mota dosar tasha sai an kira ta.

Saboda haka, wajibi ne ɗan kasuwa ya kammala Fom M tun kafin a yi lodi, ya tabbatar bayanin takardunsa ya dace da abin da ke cikin kwantena, ya kuma tanadi kuɗin fito da mota kafin jirgi ya iso. Tun ran gini, tun ran zane.