Yadda Cibiyoyin Kula da Jiragen Sama Ke Miƙa wa Juna Bayanan Jirgi

An rarraba sararin samaniyar duniya zuwa yankuna, kowanne da cibiyar da ke kula da shi, bisa ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. Jirgin da ya tashi daga Legas zuwa Landan yakan ratsa yankin Kano, wanda hukumar NAMA ke gudanarwa, ya faɗa na Yamai da ke hannun hukumar ASECNA, kafin ya shiga na Aljeriya, kuma sharaɗi ne labarinsa ya riga shi isa kowace cibiya.

Aikin yana farawa ne da takardar tsarin tafiya, wadda kamfanin jirgi ke gabatarwa aƙalla awa ɗaya kafin tashi, ɗauke da lambar kiran jirgin, nau'insa, hanyarsa, gudunsa, tsayin da yake nema da filin da zai sauka. Ana aika ta ga duk cibiyoyin da ke kan hanya ta layin saƙonni na AFTN, wanda sabon tsarin AMHS ke maye gurbinsa sannu a hankali.

Sai dai wannan takarda niyya ce kawai, domin iska da jinkirin tashi sukan sauya lissafi. Saboda haka, inda kwamfutocin cibiyoyi biyu ke haɗe ta tsarin AIDC, idan jirgi ya doshi iyaka, cibiyar da yake hannunta takan fara aika sanarwar share fage, sannan ta biyo da saƙon ƙiyasi, wanda ke fayyace mashigar da jirgin zai ƙetare, lokacin ƙetarewa bisa agogon duniya na UTC, da tsayin da aka ba shi. Kwamfutar da ta karɓa takan mayar da gajeriyar shaida, amma shaidar tana nufin saƙo ya iso ne kurum, ba amincewa ba. Idan akwai wani jirgi a wannan tsayi, jami'in da zai karɓa yakan nemi a canja, kuma abin ba na wasa ba ne, tun da tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 tazarar ƙafa 1,000 ce kaɗai ke raba jirgi da na samansa. Bayan an daidaita ne ake umartar matuƙi ya koma mitar rediyon sabuwar cibiya, wadda alhakin jirgin ke komawa wuyanta a wurin da rubutacciyar yarjejeniyar cibiyoyin biyu ta ƙayyade.

Inda babu wannan haɗi, ko ya katse, ana karanta ƙiyasin ta wayar kai tsaye, mai karɓa ya maimaita shi don a tabbatar. Kuskure ne a raina wannan waya: a daren 1 ga Yulin 2002, jami'in cibiyar Karlsruhe ya hango jirage biyu na shirin karo a saman Überlingen ta Jamus, amma bai samu cibiyar Zurich, wadda jiragen ke hannunta, ba saboda ana gyaran layin; jiragen suka yi karo, mutum 71 suka mutu.