Kafin Ka Hau Tudun Koppenberg

Ɗana, na ji ka sa sunanka cikin masu hawan keke na Filandas, can ƙasar Beljiyam, a farkon Afrilun nan. Na yi murna, kuma na sa maka albarka. Sai dai akwai 'yan maganganu da nake so ka riƙe kafin ranar, don wannan hanya ta fi yadda take a hoto wuya.

Tseren ƙwararru na Ronde van Vlaanderen ya faro tun 1913, ran Lahadi ake yin sa, kuma tun 2012 a garin Oudenaarde yake ƙarewa. Ku naku ran Asabar ne, ana gobe tseren, inda dubban mutane ke bin hanyoyin da zakarun za su bi. Ba a hana kowa zaɓi: akwai zangon da bai kai kilomita 100 ba, akwai wanda ya haura 200. Nan ne nasihata ta fi nauyi. Ka zaɓi zango gwargwadon atisayen da ka yi cikin hunturu, kada ka auna da ƙarfin da kake ji da shi a watan Agustan bara. Wata uku ko huɗu na sanyi da gajeriyar rana suna cin ƙafar mai keke ba tare da ya sani ba, zuciya kuwa tana nan da burinta na da. In tafiyarka mafi tsawo tun Janairu ba ta wuce awa uku ba, ka ɗauki zango na tsakiya, ka gama da ƙarfinka.

Da an tashi za ka ga ayari ya zabura, kowa na taka feda kamar ana kora shi. Za ka ji keke na gudu da kansa, domin wanda ke bayan jama'a iska ba ta dukansa, yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Wannan sauƙin shi ke ruɗin samari. Su bi ayarin da ya fi ƙarfinsu awa biyu suna jin daɗi, tudun farko na gaske ya zo, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ka nemi mutanen da za ka iya hira kana cikinsu ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Tuddan Filandas ba dogaye ba ne. Gajeru ne masu tsini, da yawansu an daɓe su da duwatsu, kuma mafi tsanani suna jira ne a ƙarshen hanya. Koppenberg bai fi mita 600 ba, amma a tsakiyarsa miƙewar takan kai kashi 22 cikin ɗari, hanyar kuma ƙunci gare ta. Bayansa akwai Oude Kwaremont, fiye da kilomita 2, wanda ba ya tsoratar da ido amma yana tsotse mutum a hankali. Sannan Paterberg, kimanin mita 360, mai kaiwa kashi 20, daga kansa kuma saura wajen kilomita 13 ka isa Oudenaarde. Duk abin da ka ɓarnatar da safe, a kan waɗannan uku za a tambaye ka shi.

In ka tunkari tudu, ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kana ƙasa, don sarƙa ba ta son a sauya mata wuri tana ɗauke da nauyi. Ka zauna daram a sirdi. Tashi tsaye a kan jiƙaƙƙen dutse yana sa tayar baya ta zame, daga nan sai faɗuwa. Kada ka ƙanƙame kan keke, ka bar shi ya ɗan yi rawarsa a hannunka. Taya mai ɗan faɗi, kamar milimita 28 ko 30, da aka rage wa iska kaɗan, ta fi kama dutse.

In kuma wanda ke gabanka ya tsaya, ko ƙafa ta ƙi, ka sauka ka tura, ka raɓe gefe don na baya su wuce. Ba abin kunya a ciki. A 1976, shekarar da aka fara sa Koppenberg a tseren, babban zakara Eddy Merckx da kansa ya sauka ya tura kekensa. A 2024 ma, da ruwa ya jiƙa duwatsun, ƙwararru da yawa da ƙafa suka hau, Mathieu van der Poel ya wuce a kan kekensa ya je ya ci tseren. Abin da nake tsoro shi ne girman kan da zai sa ka nace har ka faɗi ka kayar da bayin Allah biyar a bayanka.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, shi ya sa mutane ke mantawa da gorar ruwansu har jijiyar ƙafa ta ɗaure. Ka riƙa kurɓa ko ba ka ji ƙishi ba, ka ci wani abu duk bayan rabin awa tun daga awar farko. Akwai wuraren tsayawa da ake ba da ayaba da kayan zaƙi, amma ka zuba dabino a aljihunka, shi cikinka ya saba da shi. Ranar ba ranar gwada sabon abinci ba ce, ko sabon takalmi. Ka ɗauki rigar ruwa mara nauyi da safar hannu, domin Afrilun can kan kawo rana da ruwa da iska a wuni guda. Famfo da tiyub biyu su ma kada su bar jikinka, kuma ka lissafa tun a gida inda azahar za ta riske ka.

Cikin ayari, haƙƙin na bayanka yana wuyanka, tunda shi ba ya ganin hanya sai bayanka. In ka hango rami ka nuna da hannu. Kada ka danne burki ba zato, kada kuma tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar wani. In ka daɗe kana fakewa a bayan mutum, ka fito gaba ka karɓi iskar shi ma ya huta, ko da ba ku jin harshen juna. Wanda ka gani a bakin hanya yana fama da faci, ka rage gudu ka tambaye shi ko yana da abin gyara.

In ka isa, ka sa busassun kaya kafin sanyi ya shige ka, sannan ka kira mahaifiyarka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.