Bin Salsalar Zuriya ta Takardun Ƙidaya: Nazari a Kan Binciken Alex Haley

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka taɓa turawa ƙauye domin ya tattaro tarihin kafuwar gari, ko asalin wani gida, ya san yadda abin yake kasancewa. Zai gurfana gaban dattijo, a yi ta jero masa sunaye daga uba zuwa kaka, daga kaka zuwa kakan kaka, har a iso inda mai ba da labari zai ce daga Gabas aka fito. Idan ya komo makaranta sai malaminsa ya tambaye shi shaida. A nan ne ɗalibai da yawa sukan ce ai da akwai tsofaffin takardu, da magana ta ƙare. Wannan maƙala za ta duba wani bincike da aka gudanar a ƙasar da takardu suka wadata, watau Amurka, domin a ga iyakar abin da takardar ƙidaya take iya tabbatarwa, da kuma wuraren da mai bin salsala yakan zame ba tare da ya sani ba. Binciken kuwa shi ne na Alex Haley (1921–1992), baƙar fatar Amurka wanda ya wallafa littafin Roots, watau saiwoyi, a shekarar 1976.

Abin da aka gada a baka

Haley ya yi ƙuruciyarsa a garin Henning na jihar Tennessee, a gidan kakarsa ta wajen uwa mai suna Cynthia. A wajenta da sauran tsofaffin matan gidan ya ji labarin wani kakansu da aka kamo daga Afirka. Sun ce sunansa Kinte, kuma an kama shi ne ya shiga daji saran itacen da zai sassaƙa ganga. Jirgi ya sauke shi a wani gari da suke kira Naplis, aka sayar da shi ga wani mai gandu na gidan Waller a jihar Virginia, aka raɗa masa suna Toby. Ya haifi 'ya, Kizzy, wadda ya koya wa wasu kalmomi na harshensu, kamar ko ga abin kiɗa mai tsarkiya, da Kamby Bolongo ga kogi. Kizzy ta haifi George, George ya haifi Tom maƙeri, Tom ya haifi Cynthia, ita kuma ta haifi Bertha mahaifiyar Haley. Hawa bakwai ke nan idan an haɗa da shi marubucin. Wannan shi ne jarin da ya fara bincike da shi, kuma ba ƙaramin jari ba ne, domin ba kowane gidan 'yantattun bayi ba ne ya riƙe sunan wanda ya ƙetaro teku.

Yadda ƙidayar Amurka ta rubuta mutane

Kafin a fahimci abin da Haley ya samu, wajibi ne a san dalilin da ya sa ake ƙidayar tun farko. Tsarin mulkin Amurka ya wajabta a ƙidaya jama'a duk shekara goma, domin a raba kujerun Majalisar Wakilai da nauyin haraji tsakanin jihohi. An yi ta farko a 1790, aka sami mutum kusan miliyan 3.9, daga cikinsu bayi sun kusa 700,000. Tun da yake adadi ake bukata, daga 1790 har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Matarsa da 'ya'yansa da barorinsa sai dai a zuba su cikin gidajen lissafi, maza kaza, mata kaza. Bayi kuwa, bisa ƙa'idar tsarin mulkin na wancan zamani, kowane biyar ana lissafa su a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru.

A 1850 aka sake tsari, aka soma rubuta sunan kowane ɗa a gida tare da shekarunsa da sana'arsa da inda aka haife shi. Amma bayi sai aka ware musu takarda daban. A cikinta za a ga sunan ubangiji, sa'an nan a ƙarƙashinsa layi-layi: shekara 30, namiji, baƙi, shekara 12, mace, ruwa biyu. Babu suna. Abin lura shi ne, daftarin farko na wannan takarda ya tanadi gurbin sunan bawa, amma da aka kai shi Majalisar Dattawa sai wakilan jihohin Kudu suka sa aka cire. Haka aka maimaita a 1860, lokacin da bayi suka kusa miliyan huɗu. An haramta bauta a 1865, saboda haka ƙidayar 1870 ita ce ta farko da akasarin baƙar fatar Amurka suka bayyana a cikinta da sunayensu. Masu wannan sana'a ta bin zuriya sukan kwatanta shekarar 1870 da katanga: daga ita zuwa yau hanya a buɗe take, abin da ke bayanta kuwa sai da lalube.

A cikin takardun ƙidayar 1870 ne Haley ya yi tsintuwarsa ta farko, a babban gidan adana takardun tarihi na birnin Washington. Yana duba na gundumar Alamance ta jihar North Carolina sai ya ci karo da sunan Tom Murray, baƙi, maƙeri, da matarsa Irene, da 'ya'yansu, waɗanda wasu daga cikinsu ya san su suna tsofaffi a gidan kakarsa. Ita Cynthia ba a haife ta ba tukuna lokacin. Wannan shaida ce mai ƙarfi, domin suna da sana'a da wuri da sunan mata da na 'ya'ya duk sun dace da abin da aka gada a baka, kuma malamin ƙidayar da ya rubuta su bai san za a yi wani Haley da zai zo neman su ba.

Bayan katanga

Daga Tom zuwa sama, ƙidaya ba ta da sauran abin cewa. Dole mai bincike ya koma ga takardun iyayengiji, inda bawa yake fitowa a matsayin dukiya: wasiyya, da lissafin kayan gado, da takardun ciniki da jingina, da rasit na haraji. A cikin irin waɗannan ana ambaton bawa da suna guda kawai, sau da yawa tsakanin lissafin dawaki da na tukwane. Haley ya sami wata takardar mallaka ta ranar 5 ga Satumba 1768, wadda a cikinta John Waller ya miƙa wa William Waller gona da wani bawa mai suna Toby. Sai ya ɗauka wannan shi ne kakansa.

Ta ɓangaren Afirka kuwa, masanin tarihin baka Jan Vansina na Jami'ar Wisconsin ya nuna masa cewa kalmomin nan sun yi kama da Mandinka, kuma mai yiwuwa Kamby Bolongo kogin Gambiya ne. A 1967 Haley ya tafi Gambiya, aka kai shi ƙauyen Juffure wajen wani tsoho, Kebba Kanji Fofana, wanda aka gabatar masa a matsayin jali, watau irin maroƙan Mandinka masu riƙe da asalin gidaje. Fofana ya kawo tarihin gidan Kinte tun daga wani malami da ya zo daga Muritaniya, har ya iso kan jikansa Kunta, wanda ya ce ya fita saran itace a zamanin da sojojin sarki suka zo, ba a sake ganinsa ba. Daga nan Haley ya wuce Landan ya binciki takardun jiragen ruwa, ya tsaya a kan wani jirgi mai suna Lord Ligonier, wanda ya bar kogin Gambiya cikin Yuli 1767 da bayi 140, ya isa Annapolis ranar 29 ga Satumba da 98 a raye. Jaridar Maryland Gazette ta ranar 1 ga Oktoba ta buga tallar gwanjonsu. Annapolis ita ce Naplis. Abin nema ya samu. Da aka mayar da littafin wasan talabijin a Janairun 1977, an ƙiyasta mutum kimanin miliyan 100 suka kalli kashi na ƙarshe.

Inda sarƙar ta tsinke

Ba a jima ba manazarta suka bi sawun binciken. Mafi muhimmanci ga mai nazarin takardu shi ne aikin Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, wanda ya fito a 1981 a mujallar tarihin jihar Virginia. Sun koma ga takardun gidan Waller ɗin nan, suka tarar Toby yana cikinsu tun 1762, watau shekara biyar kafin Lord Ligonier ya iso. Mutum ba ya zama bawa a Virginia alhali yana yaro a gidan ubansa a Juffure. Har ila yau, alamu sun nuna Toby ya rasu kafin 1782, ita kuwa Kizzy littafin ya ce a 1790 aka haife ta. Ba su kuma sami wata Kizzy a cikin bayin gidan Waller ba. Ashe takardar 1768 gaskiya ce, Toby ma gaskiya ne, amma kama da wane ba ta wane. Kuskuren Haley shi ne ya tsaya a takarda guda da ta yi masa daɗi, bai waiwayi waɗanda suka gabace ta ba.

Batun jirgin ma haka yake. Jiragen fataucin bayi ba sa rubuta sunayen waɗanda suka ɗauko, adadi kawai suke rubutawa. Takardun Lord Ligonier sun tabbatar da jirgi da rana da yawan mutane, amma babu abin da ya ce wani Kunta yana ciki. Zancen zuwan sojojin sarki kuma bai isa ya tsayar da shekara ba, domin Ingilishi suna riƙe da tsibirin James, wanda yake daura da Juffure, tun 1661. Wannan ma ya jawo wata magana: Juffure ta ƙarni na 18 ba ƙauyen ƙayau ba ce da ba ta san Bature ba, kamar yadda littafin ya siffanta ta. Mashigar fatake ce a ƙasar Niumi, dab da Albreda inda Faransawa suke da gidan ciniki, kuma sarkin Niumi yana karɓar kuɗin fito daga jiragen Turawa.

Sai maganar Fofana, wadda ita ce ta fi shafar ɗalibin adabin baka. Wani ɗan jarida, Mark Ottaway, ya je Gambiya ya buga rahotonsa a jaridar Sunday Times ta Landan cikin Afrilun 1977, inda ya nuna Fofana ba jali ba ne na gado. Bakari Sidibe, mai kula da tattara tarihin baka na Gambiya, ya riga ya rubuta wa Haley yana bayyana shakkarsa a kan tsohon tun kafin littafin ya fito. Donald Wright, wanda ya yi binciken tarihin Niumi, ya ƙara da cewa masu riƙe da tarihi a yankin ba su saba kawo filla-fillar rayuwar wani talaka na ƙarni na 18 ba. Babban abin dai shi ne, tun zuwansa na farko Haley ya zayyana wa mutanen Gambiya labarin kakarsa, da sunan Kinte da saran itace da komai, sa'an nan ya roƙa a nemo masa wanda ya san shi. Aka kuwa nemo. To, idan baƙo ya zo daga nesa da alheri a hannu, ya kuma faɗi amsar da yake so kafin ya yi tambaya, da wuya ya koma hannu rabbana. Ba lalle ne a kira wannan ƙarya ba. Sau da yawa karamci ne. Duk wanda ya ga maroƙi a gidan biki yana tambayar 'yan rakiya sunan uban baƙo kafin ya soma kirari ya san yadda ake gina asali nan take. Ɗalibin da ya shiga gari ya ce wa dattijo, "An ce ku daga Barno kuka zo, ko ba haka ba?" ya riga ya ɓata shaidarsa da bakinsa, ko da kuwa daga Barnon suka zo.

Shi Haley ya amsa cewa littafinsa gauraye ne na tarihi da ƙagaggen labari, kuma takardun iyayengiji ba abin dogaro ba ne a kan bayi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan. Mai gandu yana iya mallakar bayi biyu masu suna ɗaya, yana iya sake wa bawa suna, kuma rashin ganin Kizzy a takarda ba ya nufin ba a yi ta ba. Sai dai wannan hujja kaifi biyu gare ta, domin da takardun nan ne shi ma ya kafa da'awarsa. Kalmomin Mandinka da tsofaffin Henning suka riƙe suna nan a matsayin alama mai kyau cewa wani kakan gidan daga yankin Gambiya ya fito. Amma yanki daban, mutum guda mai suna da ƙauye da ranar tashi daban.

A 2003 hukumar UNESCO ta sa tsibirin James da kewayensa cikin wuraren tarihi na duniya, a 2011 kuma gwamnatin Gambiya ta sake masa suna zuwa tsibirin Kunta Kinteh. Masu yawon buɗe ido suna zuwa Juffure a kai su gidan Kinte, a ba su labarin yaron da ya fita saran itace. Manazarcin da ya je can yau da na'urar ɗaukar magana zai yi wuya ya iya rarrabe abin da garin ya sani kafin 1967 da abin da ya koya daga littafin.